Kallabi Tsakanin Rawuna: Zaɓen Shugaban Ƙasa da Matsayin Mace a Tarihin Yammacin Zamfara

Gabatarwa

Daga 1999 zuwa 2023 Jihar Zamfara ta shafe shekaru 24 a ƙarƙashin mulkin farar hula, kuma 20 daga cikinsu 'ya'yan garuruwa uku masu maƙwabtaka da juna ne suka riƙe ragamarta. Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, sannan Bello Muhammad Matawallen Maradun daga 2019 zuwa 2023. Yanki ne da ya san hanyar gidan gwamnati, ya kuma san yadda ake haɗa ƙuri'a ta zama mulki. Duk da haka, idan aka ɗaga maganar mace ta shugabanci Nijeriya a majalisar dattawa ko a teburin mai shayi, yawanci dariya ce ke fara zuwa, sai kuma a kawo hujjar addini ko ta al'ada a rufe zancen.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka zo nan. Za ta duba abin da ƙasar Zamfara ta gada game da mace da mulki, da yadda matan Arewa suka sami 'yancin kaɗa ƙuri'a, da yadda dokar zaɓen shugaban ƙasa take aiki, domin a gano daidai inda ƙofar take rufewa. Waiwaye, in ji Hausawa, adon tafiya ne.

Gadon sarauta da gadon jihadi

Tarihin baka na masarautar Zamfara ya adana sunan 'Yargoje, sarauniyar da ake cewa ta yi mulki na kimanin shekaru 40 a ƙarni na 14, kuma ana danganta ta da garin Kuyambana. Ba ita kaɗai ba ce a ƙasar Hausa. Daura tana da jerin Magajiyoyinta har zuwa Daurama, Zazzau tana da Amina, Gobir kuma tana da sarautar Inna, wadda take jagorantar mata da harkar bori, kuma fada ba ta raina maganarta. Masana na iya saɓawa kan shekaru da cikakkun bayanai, domin ruwayar baka ce, amma jama'ar da ta riƙe sunan sarauniya a jerin sarakunanta tsawon ɗaruruwan shekaru ba ta ɗauki mulkin mace abin kunyar da za a goge ba.

Ƙarshen ƙarni na 18 ya zo da wani sabon tunani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya shafe kimanin shekaru biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, inda ya zauna a wurare irin su Faru, wadda ke ƙasar Maradun ta yau. Ƙanensa Abdullahi ya ba da labari a littafinsa Tazyinul Waraƙati cewa a Daura ta Zamfara wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soki Shehu saboda barin mata suna halartar majalisin wa'azinsa. Shehu ya umarci Abdullahi ya ba shi amsa, kuma jigon amsar shi ne barin mata cikin jahilci ya fi halartarsu majalisi muni. A Nurul Albabi kuma Shehu ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a zaure alhali matansu da 'ya'yansu mata suna cikin duhu. Daga wannan tushe 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa matan karkara.

Sai dai Daular Sakkwato ta ginu ne kan fiƙihun Malikiyya, wanda ya sanya kasancewa namiji cikin sharuɗɗan shugaban al'umma. Saboda haka jihadi ya bar wa wannan yanki gado mai fuska biyu: ya buɗe wa mace ƙofar ilimi da ƙarfin hujja, ya kuma keɓe rawani ga maza. Tun daga lokacin, Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun, tare da hakimai da dagatansu, duk maza ne. Turawan mulkin mallaka da suka ci Sakkwato a 1903 sun tarar da tsarin a haka, suka jingina mulkinsu a kansa, suka ƙara masa ƙarfi ta hanyar En'e.

An ƙidaya su, ba a tambaye su ba

Da siyasar jam'iyyu ta kunno kai a shekarun 1950, matan kudancin Nijeriya sun sami damar kaɗa ƙuri'a mataki-mataki, amma na Arewa ba su samu ba. Jagororin jam'iyyar NPC mai mulkin Jihar Arewa suna cewa lokaci bai yi ba, kuma fitar matan kulle zuwa layin zaɓe zai ci karo da addini da al'adar jama'a. NEPU ta Malam Aminu Kano ce ta tsaya kan a ba mata 'yancinsu, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan jam'iyyar, ta sha duka da ɗauri a kan wannan da'awa, har ana ruwaito cewa sau 16 aka kai ta gidan yari.

A zaɓen tarayya na Disamba 1959 an ware wa Arewa kujeru 174 daga cikin 312 na Majalisar Wakilai bisa yawan jama'arta. Wannan yawan ya haɗa da mata. Ke nan matar da ke sussuka a Bakura ta shiga lissafin da ya ba Arewa rinjaye a Ikko, amma ba a tambaye ta wanda take so ya hau kujerar da aka samu da kanta ba. Haka aka sake yi a 1964. Siyasar wancan zamani a wannan yanki ta fada ce da kiɗan fada, zamanin da Musa Ɗanƙwairo Maradun yake yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, kuma dandalin na maza ne.

Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, a ƙarƙashin mulkin soja, matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a, sannan Kundin Tsarin Mulki na 1979 ya tabbatar da wannan 'yanci ga duk ɗan ƙasa da ya kai shekara 18. Abin lura shi ne kwamitin da gwamnatin Murtala Muhammad ta kafa a 1975 domin tsara wannan kundi mutum 49 ne suka yi aikinsa, kuma babu mace ko ɗaya a cikinsu. Abin da aka yi ta tsoro a shekarun 1950 kuwa bai faru ba. An yi wa mata layinsu daban, suka fito da hijabansu da goyonsu, kuma a yau babu ɗan takarar da zai hau duro a Talata Mafara ya ce mata su zauna a gida ranar zaɓe. Abin da aka taɓa kira haramun a siyasa ya zama abin da kowace jam'iyya ke kashe kuɗi a kansa.

Yadda ake zama shugaban ƙasa

Nijeriya ta bar tsarin firaminista irin na Ingila ta ɗauki tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka a 1979, amma ba ta kwafi hanyar zaɓen Amurka ba. A can wakilan jihohi ne ke yanke hukuncin ƙarshe, shi ya sa Hillary Clinton ta fi abokin takararta ƙuri'un jama'a da kusan miliyan uku a 2016 amma ta faɗi. A Nijeriya ƙuri'ar kowane mutum kai tsaye take shiga lissafi, sai dai an gindaya sharuɗɗa biyu. Sashe na 134 na Kundin 1999 ya ce dole ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'u, kuma ya sami aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a biyu bisa uku na jihohi, wato jihohi 24 cikin 36. Idan babu wanda ya cika su, sai a je zagaye na biyu, abin da bai taɓa faruwa ba. Manufar sharaɗi na biyu ita ce kada wani yanki ya naɗa shugaba shi kaɗai, darasin da aka ɗauko daga rikicin Jamhuriya ta Farko da yaƙin basasa.

Wannan sharaɗi ya fuskanci jarrabawa tun ranar farko. A zaɓen 11 ga Agusta 1979 jihohi 19 ne, kuma Alhaji Shehu Shagari ya sami kashi ɗaya bisa huɗu a 12, amma a Kano kashi 19.94 cikin ɗari ya samu. Obafemi Awolowo ya ce biyu bisa uku na 19 jihohi 13 ne. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 ne da biyu bisa uku na jiha ta 13, Kotun Ƙoli kuma ta karɓi wannan lissafi. A 2023 ma an sake kai ruwa rana kan ko dole ne a sami kashi ɗaya bisa huɗu a Abuja, kotun ta ce Abuja tamkar kowace jiha take.

Mutanen wannan yanki ba su daɗe ba suka gane nauyin kujerar. A Afrilu 1980, watanni kaɗan bayan rantsar da Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta kan manoman Bakolori da ke neman diyyar gonakin da madatsar ruwa da aikin noman rani suka cinye. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na mamata, mazauna yankin suka ce sun kai ɗaruruwa. Aikin na tarayya ne, 'yan sandan ma na tarayya ne. Har yau soja da ɗan sanda a hannun shugaban ƙasa suke, don haka wanda ke kan kujerar yana da hannu a kwanciyar hankalin kowane ƙauye a Maradun.

Ranar zaɓe, tafiyar ƙuri'a tana farawa ne daga rumfar zaɓe, inda ake tantance mai zaɓe, a 2023 da na'urar BVAS, a ƙidaya ƙuri'u a gaban jama'a, wakilan jam'iyyu su sa hannu. Daga nan sakamako ya wuce mazaɓa, ya wuce ƙaramar hukuma, ya isa Gusau, sannan Abuja, inda shugaban hukumar INEC ke bayyana wanda ya yi nasara. A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 akwai rumfuna 176,846 da masu rajista sama da miliyan 93, kuma kashi 47.5 cikin ɗari na masu rajistar mata ne.

Sashe na 131 ya lissafa abin da ake buƙata ga mai neman kujerar: ya zama ɗan ƙasa ta haihuwa, ya kai shekara 35 bayan gyaran 2018, ya yi karatu zuwa matakin takardar sakandare ko makamanciyarta, kuma wata jam'iyya ta tsayar da shi. Babu maganar jinsi, sashe na 42 ma ya hana nuna bambanci saboda shi.

Ƙofar jam'iyya

Sharaɗin ƙarshe shi ne mabuɗin komai, kuma babu jihar da ta koyi wannan darasi da tsada kamar Zamfara. A 2019 rikici tsakanin ɓangaren Gwamna Yari da na Sanata Kabiru Marafa ya hana APC gudanar da sahihin zaɓen fid da gwani. Ɗan takararta na gwamna ya sami ƙuri'u sama da dubu 500, Matawalle na PDP bai kai dubu 200 ba, amma a ranar 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta ce APC ba ta da 'yan takara a idon doka, ƙuri'unta sun tafi a banza. Da haka Matawallen Maradun ya zama gwamna. Talaka yana zaɓe ne a cikin waɗanda jam'iyya ta ajiye masa, kuma jam'iyya a hannun masu kuɗi da iyayen gida take.

A nan matan da suka nemi shugabancin Nijeriya suka riƙa tsayawa. Sarah Jibril ta fara nema tun 1992, kuma a zaɓen fid da gwani na PDP a Janairu 2011 ƙuri'a ɗaya tak ta samu. Farfesa Remi Sonaiya ta tsaya a ƙaramar jam'iyyar KOWA a 2015 ta sami ƙuri'u kusan dubu 13. Oby Ezekwesili ta janye kafin zaɓen 2019. A Yuni 2022, lokacin da APC ta sa wa fom ɗin takara farashin naira miliyan 100, mace ɗaya ce ta isa filin taron, Uju Ken-Ohanenye, ita ma ta janye wa Bola Tinubu. A wannan taro ne Yariman Bakura, tsohon gwamna kuma sanata na shekaru 12, ya tashi da ƙuri'u huɗu. Idan wannan mashiga ta yi wa irinsa ƙunci, ana iya kwatanta yadda take ga wadda ba ta taɓa riƙe baitulmalin jiha ba. A takardar zaɓen 2023, cikin 'yan takara 18, Chichi Ojei ta APM ce kaɗai mace.

Matakalar da ake hawa zuwa can ma babu mata a kanta. Ba a taɓa zaɓen mace gwamna a Nijeriya ba. Virginia Etiaba ta riƙe Anambra na watanni uku ne bayan tsige Peter Obi a 2006, A'isha Alhassan ta Taraba a 2015 da A'ishatu Binani ta Adamawa a 2023 kuma sun kusa, ba su kai ba. Duk sanatocin da Zamfara ta tura Abuja daga 1999 zuwa 2023 maza ne. A Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar na gyaran kundi da suka shafi mata, ciki har da na ware musu kujeru. Saboda haka, idan aka ce mutanen Mafara ba za su zaɓi mace ba, ana yanke hukunci ne kan tambayar da ba a taɓa yi musu da gaske ba, domin babu babbar jam'iyyar da ta taɓa kawo musu mace. Wanda ya kusa gwada hakan shi ne Aminu Kano, da ya ɗauki Bola Ogunbo a matsayin mataimakiyarsa domin zaɓen 1983, ya rasu a watan Afrilun shekarar kafin a kaɗa ƙuri'a.

Hujjar addini da hujjar al'ada

A jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktoba 1999, ba za a tsallake hujjar addini ba. Mafi yawan malaman fiƙihu sun shardanta namiji a babban shugabanci, suna dogaro da hadisin Abu Bakrata a Sahihul Buhari, wanda aka faɗa lokacin da labari ya zo cewa Farisawa sun naɗa 'yar Kisra, kuma ma'anarsa ita ce rashin rabauta ga mutanen da suka miƙa al'amarinsu ga mace. Masu wannan fahimta suna riƙe da ita bisa imani, kuma kuskure ne a kira su jahilai. Wasu malaman zamani, irin su Muhammad al-Gazali na Masar, sun ga cewa hadisin yana magana ne kan halin da Farisa take ciki, suna kuma kafa hujja da sarauniyar Saba a Suratun Namli, wadda ta yi shawara da manyanta ta tsirar da mutanenta. Akwai kuma masu cewa shugaban da ke da wa'adin shekara huɗu, wanda majalisa za ta iya tsigewa kuma kotu ta taka masa birki, ba shi ne halifan da littattafan fiƙihu suke nufi ba.

Yanke fatawa ba aikin mai nazarin tarihi ba ne, amma yana iya nuna yadda al'ummomin Musulmi suka yi da wannan saɓani. A Pakistan, jam'iyyar Jama'atu Islami ta Maududi ta mara wa Fatima Jinnah baya a kan Ayub Khan a 1965, Benazir Bhutto kuma ta zama firaminista a 1988. Bangaladash ta shafe shekaru masu yawa tsakanin Khaleda Zia da Sheikh Hasina. Megawati ta shugabanci Indunusiya daga 2001, Samia Suluhu Hassan kuma ta hau mulkin Tanzaniya a 2021. Yawancinsu 'ya'ya ne ko 'yan'uwa ko matan shugabannin da suka gabata, Samia kuwa mataimakiya ce da ta gaji marigayi. A kusan kowane misali, jam'iyya mai ƙarfi ce ta fara buɗe ƙofa, ra'ayin jama'a ya biyo baya.

Wani abin kuma da ake jingina wa addini al'ada ce zalla. Karin maganar da ke cewa ƙarfin mata sai yawan magana ba aya ba ce. Zagin da ake yi wa macen da ta shiga siyasa, da taron jam'iyya na tsakar dare, da 'yan bangar da ke razana masu takara, da ɗaukar mata a matsayin masu guɗa da karɓar atamfa da sabulu, babu ɗaya da ke da tushe a littafi. Ƙasar da ta amince Maryam Aloma Mukhtar ta Kano ta zama Alƙalin Alƙalai daga 2012 zuwa 2014, tana jagorantar kotun da ke da maganar ƙarshe kan wanda ya ci zaɓen shugaban ƙasa, ta riga ta nuna cewa iyakar da take gindaya wa mace tana motsawa.

Darasin Jangebe

A daren 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, suka kora ɗalibai cikin daji. An sako 279 a ranar 2 ga Maris. A watan Agusta aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a farkon Satumba kuma aka ɗauke ɗalibai sama da 70 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Makarantu suka daɗe a rufe, kuma kowa ya san cewa idan uba ya tsorata, 'yarsa ce ta farko da yake cirewa daga aji.

Takardar da 'yan matan Jangebe suke nema ita ce wadda sashe na 131 ya ambata. Yarinyar da aka raba da aji ta yi nisa da zama malama ko unguwarzoma ko kansila, balle shugabar ƙasa, tun kafin wani malami ko ɗan siyasa ya faɗi ra'ayinsa a kanta. A wannan gaɓa mai riƙe da hadisin Abu Bakrata da mai yi masa tawili ba su da abin jayayya, domin Shehu ya riga ya yanke maganar karatun mata a wannan ƙasa fiye da shekaru 200 da suka wuce.

Kammalawa

Tarihin wannan yanki ya nuna cewa matsayin mace a mulki ya sha sauyawa. An yi sarauniya a Zamfara, an yi zamanin da aka keɓe rawani ga maza aka ba mata allo, an yi lokacin da aka ƙidaya su aka hana su ƙuri'a, ga shi yanzu su ne kusan rabin masu rajista. Dokar ƙasa ba ta hana mace shugabanci ba. Abin da ke tare ta yana cikin jam'iyya da aljihu da aji, kuma duka ukun ana yanke hukuncinsu shekaru kafin ranar zaɓe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son sanin ko mace za ta taɓa shugabantar Nijeriya ya duba yawan 'yan matan da ke kammala sakandare a Jangebe da Kaya, da yawan matan da ke zama wakilai a zaɓen fid da gwani, da ranar da wata mazaɓa a Bakura za ta tsayar da mace kansila. Idan waɗannan suka samu, jama'a za su fuskanci tambayar a rumfar zaɓe, su amsa ta bisa iliminsu da imaninsu, kuma wannan haƙƙinsu ne.